Sanarwar Bayan Taro Kan Masu Ba Da Bashin Gida Da Masu Haɗe Basussuka

Ƙungiyarmu ta adashe da taimakon juna, wadda ta haɗa malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffin ma'aikatan reluwe, manoman citta da 'yan kasuwa, ta yi zama na musamman a Kafanchan ranar Asabar da ta gabata. 'Yan'uwa sun zo daga Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Gidan Waya da Kachia. An buɗe taro da addu'a daga Musulmi da Kirista, kamar yadda muka saba. Magana ɗaya ce ta tara mu: ta yaya za mu gane wanda za a amince wa cikin masu zuwa da tayin bashin gina gida, da masu cewa za su haɗe wa mutum basussukansa wuri guda ya riƙa biyan su su kaɗai?

Taro ya fara da duba abin da ya jefa mutanenmu cikin wannan hali. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. A daminar 2023 ɗin kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, manoman da suka ci bashin iri da taki suka tashi a tutar babu. Kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Albashi bai kai ƙarshen wata, kuɗin makaranta kuwa bai san an yi asara ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu wanda aka kunyata a zauren nan don ya ce ana bin sa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yawan mambobin da ake bi a wuri uku ko huɗu lokaci guda: adashe, bankin maikurofainans, manhajar waya, ga kuma mai shago. Irin waɗannan su ne dillalan bashi ke bi har gida.

Wani dattijo cikinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya miƙe da ambulan a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ni dai Allah ne ya kiyaye." Wani saurayi mai tsabtar tufafi da daɗin baki ya same shi a gida sau uku cikin mako guda. "Baba, kai ma ka huta mana. Basussukan nan naka mu za mu biya su gobe-goben nan. Takardar gidan kawai za ka kawo mu ajiye, sai sa hannu a nan da nan." Baba ya ce a bar masa takardun ya kai wa 'yarsa ta karanta masa, idonsa ya yi rauni. Sai saurayin ya ce, "Haba Baba, ai ofis ba ya bari takarda ta kwana a waje, kuma garaɓasar jibi za ta ƙare." Ana cikin haka jikarsa ta ɗauki hoton shafukan da waya. Su ne aka buga aka kawo zaure. Sakatare ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, har ya iso shafi na biyar. Ba takardar jingina ba ce. Takardar sayar da gida ce, an bar gurbin farashi da na kwanan wata babu komai, ga layin da Baba zai sa hannu a ƙasa. Zaure ya yi tsit. Gidan nan da kuɗin sallamarsa ya gina shi, kuma a cikinsa jikokinsa shida suke kwana.

An amince ba za a ambaci sunan kamfanin a wannan sanarwa ba, domin maganar tana hannun lauya.

Daga nan ma'ajin ƙungiya ya ɗauki alli ya hau allo, kuma taro ya nemi a sa lissafinsa a cikin sanarwa yadda ya yi shi. A ɗauka ana bin malamin makaranta naira 600,000 a wuri uku. Yana biyan naira 75,000 duk wata, saura wata goma ya gama, ke nan abin da zai fita daga aljihunsa naira 750,000 ne. Sai mai haɗe bashi ya zo ya ce zai biya duka, shi kuma malam ya riƙa ba shi kimanin naira 40,700 a wata, ruwa kashi huɗu kacal. Wa zai ƙi? An rage masa fiye da naira 34,000 kowane wata. Amma kashi huɗun nan na wata ne, ba na shekara ba, kuma biyan na wata 36 ne. Ruwan kowane wata naira 24,000, sau 36 ya zama naira 864,000. A haɗa da uwar kuɗi, malam zai biya naira 1,464,000. Ya ƙara wa kansa naira 714,000, ya mayar da wahalar wata goma ta koma ta shekara uku. Ma'aji ya ƙara ja mana hankali kan wani abu da yawancinmu ba mu taɓa lura da shi ba: ana lissafa ruwan ne a kan naira 600,000 ɗin gaba ɗaya har watan ƙarshe, ko da malam ya riga ya biya fiye da rabi. In aka auna da abin da ya rage a kansa a kowane wata, ruwan ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara. Ba a ma sa kuɗin fom da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗi su shigo hannu ba.

Mafi muni shi ne abin da alli bai nuna ba. Basussukan farko babu wanda aka jingina gida a kansa. In malam ya gaza, zai sha kira da tsangwama, wataƙila a kai shi kotu, amma iyalinsa suna da wurin kwana. Sabon bashin kuwa a kan gidan yake zaune. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba, sai ma abin da ya ƙaru. Wannan shi ne abin da taro ya fi daɗewa a kansa, kuma shi ne muke so kowane mamba ya riƙe ko da ya manta sauran.

Sai maganar lasisi. An lura dillalai da yawa suna nuna takardar rajistar CAC mai hatimi, mutane su ɗauka ita ce izini. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista. Mai shagon siminti ma yana da ita. Bankin kasuwanci, bankin ba da bashin gida, bankin maikurofainans da kamfanin hada-hadar kuɗi duk Babban Bankin Nijeriya, CBN, ke ba su lasisi, kuma yana wallafa sunayensu a shafinsa na intanet inda kowa zai iya dubawa. A duba sunan harafi bayan harafi, domin akwai masu aron sunan da ya yi kama da na sanannen banki. Wanda ya ce shi da lasisin jiha na ba da rance yake aiki, ya nuna shi a gani, a kuma tabbatar bai ƙare ba. Masu ba da bashi ta manhajar waya kuma, tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta musu rajista da ita, bayan da koke ya yi yawa kan yadda suke kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da shugabanninsa saƙon ɓatanci. Ita ma tana fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta shaida wa taro, cikin hawaye, cewa an taɓa aika irin wannan saƙo ga limamin cocinsu a kan bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba wanda aka yi wa haka damar kai ƙara.

Lasisi ma ba ya nufin a rufe ido. A watan Mayun 2023 CBN ya soke lasisin bankunan maikurofainans 179 da bankunan bashin gida huɗu, a watan Yunin 2024 kuma ya soke na Heritage Bank. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin bankin bashin gida yakan ce mai nema ya fara tara wani kaso a wurinsa kafin a ba shi. In bankin ya durƙushe, hukumar inshorar ajiya, NDIC, tana biyan mai ajiya har naira miliyan biyu a bankin bashin gida ko na maikurofainans, da naira miliyan biyar a bankin kasuwanci, bisa ƙarin da ta yi a 2024. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin a ga abin da ya samu. Wanda ya kai ajiyarsa wurin da ba shi da lasisi kuwa ba shi da ko sisi a wurin NDIC. Wani ya tambaya ko bashi yana mutuwa in banki ya mutu. Ba ya mutuwa. Hukumar ce za ta ci gaba da karɓa, kuma takardar gidanka tana nan a hannunsu har ka gama.

Taro ya yi gargaɗi kan araha mai yawa. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na CBN kansa ya kai kashi 27.5 cikin 100. To in wani mai zaman kansa, wanda ba ya cikin wani shirin gwamnati, ya ce zai ba ka bashin gida da ruwa kashi biyar a shekara, ina ya samo kuɗin? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawanci irin wannan ba bashin zai bayar ba, kuɗin fom da na buɗe fayil yake nema, a tura asusun wani mutum, daga nan waya ta daina shiga. Wasunmu ba su warke daga damfarar MMM ta 2016 ba, ga CBEX da ta rufta da mutane a watan Afrilun 2025. An dai yi adalci an faɗa cewa banki na gaskiya ma yana karɓar kuɗin ƙiyasta darajar gida da na lauya. Bambancin shi ne yana rubuta su a takardar tayi tun farko, ana biya a asusun da ke ɗauke da sunan bankin, a kuma ba ka rasit.

Bashin gida mai sauƙin ruwa da muka tabbatar da shi shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda dokar 1992 ta kafa, bankin FMBN na gwamnatin tarayya ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi zai iya neman bashi da ruwa kashi shida a shekara, ya biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30, ta hannun bankin bashin gida mai lasisi. Kowa ya san ana shan jira, kuma takardun da ake nema suna da yawa, wannan ne ma ke tura mutane hannun masu cewa sun san hanya. Amma bashin na saye ko gina ko gyaran gida ne. Ba a biyan bashin adashe da shi. Duk wanda ya ce zai fitar maka da kuɗin NHF ka biya basussukanka, in ka ba shi wani abu, ka san inda ya dosa. An kuma tuna wa 'yan fansho cewa wanda aka cire wa kuɗin nan bai ci bashi ba yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa bayan ritaya. Hannaye da yawa sun tashi a zaure na waɗanda ba su taɓa nema ba.

Lauyan da muka gayyata, ɗan garin nan ne, ya yi bayani kan takardar fili. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ba a jingina filin da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamna, wadda muka fi sani da C of O, sai da yardar gwamna. Filin karkara da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma kuma sai da yardarta. Ya kawo shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda Kotun Ƙoli a 1989 ta rushe jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba. Ya ce kada wani ya ɗauki wannan a matsayin ƙofar gudun bashi. Abin lura shi ne, banki na gaskiya shi da kansa zai matsa a nemi yardar, a yi wa jinginar rajista, domin ita ce kariyarsa in an je kotu. Wanda ya ce maka ba sai an bi ta wannan doguwar hanya ba, ba ta kotu yake shirin karɓar gidan ba. A jiharmu hukumar KADGIS ke riƙe da bayanan filaye, kuma tun 2017 Kaduna ke da dokarta ta jingina da karɓe kadarar da aka gaza fansa. Matsalarmu a nan kudanci ita ce gidaje da yawa ba su da C of O. Takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wasu ma tasu ta ƙone a rikicin 2011. Irin wannan gida banki ba ya karɓarsa jingina, shi ya sa masu karɓarsa cikin sauƙi suke haɗawa da takardar sayarwa irin wadda aka kawo wa Baba.

Lauyan ya ƙara da gargaɗi kan gidan gado. Ɗa ɗaya ba shi da ikon jingina gidan da ba a raba ba. Haka kuma mai tsaya wa wani ya sani ba alfarma kawai ya yi ba, bashin ya hau kansa in mai shi ya gaza. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin CBN da ya ba bankuna damar bin lambar BVN su ciri kuɗi daga sauran asusun wanda ya ƙi biya, don haka sauya banki ba ya ɓoye kowa.

'Yan'uwa Musulmi sun tayar da maganar riba. An ambaci bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, da TAJBank da Lotus da suka biyo baya. Waɗannan suna saya maka abu su sayar maka da riba sananniya, ko su ba ka haya har ka mallaka. Wani malami cikinmu ya ce duk wanda ya zo da sunan bashin halal, a tambaye shi wane irin ciniki ne, me aka saya, me aka sayar. In kuɗi ne kawai zai ba ka ka mayar da ƙari, sauya masa suna bai sauya hukuncinsa ba. A nan ne Musulmi da Kirista suka haɗu a kan koke ɗaya: dillalan sun gane cewa ta ƙofar masallaci da coci da taron ƙabila ake shiga zuciyarmu. Wanda ya yi maka yarenku ko ya kira ka ɗan'uwa a addini bai nuna maka lasisi ba tukuna.

Ba a kan komai baki ya zo ɗaya ba. Dattawa sun so a haramta wa mambobi haɗe bashi gaba ɗaya. Matasa suka ce a'a. Wani ɗan acaɓa ya ce shi manhajoji uku ne suka sa shi gaba, ruwa yana hawa kullum, sai ƙungiyar nan ta ba shi rance ya biya su rana ɗaya, ya gama da ƙungiya cikin wata biyar, ya samu barci. An yi ta muhawara har bayan azahar. Aka tsaya a kan cewa haɗe bashi yana da amfani in jimillar abin da za a biya ta ragu, ba na wata kawai ba, kuma in ba a ɗora gida ko gona a kan bashin da da ma babu su a kansa ba.

Bisa haka taro ya amince da waɗannan matakai.

Babu mamban da zai sa hannu a takardar bashin da ta shafi gida, fili ko gona sai takardar ta yi kwana bakwai a hannunsa, kuma kwamitin mutum uku da aka naɗa, ma'aji da malami ɗaya da 'yar kasuwa ɗaya, ya gan ta tare da lauya. Ƙungiya za ta biya kuɗin lauyan daga asusun walwala. Mai ba da bashin da ya ƙi a fita da takardarsa, ko ya ce tayin zai ƙare jibi, an gama magana da shi. Mun ɗauki wannan a matsayin babban ma'auni, domin duk sauran binciken sai an samu lokaci da takarda a hannu ake iya yin sa.

Kafin a je ga kwamiti, mamba ya sa a rubuta masa amsar waɗannan: nawa zai shigo hannunsa bayan an zare komai, nawa zai biya gaba ɗaya, ruwan na wata ne ko na shekara, yana raguwa ko ba ya raguwa, zai iya sauyawa a tsakiya, mece ce tarar makara, kuma in ya samu kuɗi ya so biya da wuri za a ci shi tara? Ba a sa hannu a shafin da aka bar gurbi. Ba a ba kowa katin ATM, ko lambar sirri, ko lambar da banki ke turowa ta waya.

Ƙungiya ba za ta tsaya wa mamban da biyan bashinsa zai haura kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a wata ba.

In an haɗe bashi, sabon mai ba da bashin ya biya tsofaffin kai tsaye, mamba kuma ya karɓo takardar shaidar kammala biya daga kowannensu. An samu wanda aka ci gaba da cire masa tsohon bashi da sabo a wata guda saboda rashin wannan takarda. Bayan wata biyu mamba ya nemi rahotonsa daga ɗaya cikin kamfanonin adana tarihin bashi, CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, ya tabbatar an goge.

Wanda banki mai lasisi ya zalunta ya fara rubuta wa bankin koke, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sakatare zai taimaka masa ya kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Na manhajar waya a kai FCCPC. Damfara kuwa ta 'yan sanda da EFCC ce.

Taro yana roƙon sarakunanmu da hakimai da masu unguwanni su daina sa hannu a takardar cinikin gida sai sun ga mai gidan ido da ido sun tambaye shi ko sayarwa yake yi ko jingina. Yana roƙon limamai da fastoci kada su ba dillalin bashi lasifika sai sun ga lasisinsa. Yana kuma kira ga gwamnatin jiha ta sauƙaƙa wa mutanen kudancin Kaduna samun C of O, a kuɗi da kuma zirga-zirga, domin muddin gidajenmu ba su da takardar da banki zai karɓa, masu karɓar kowace irin takarda ne za su ci gaba da ƙwanƙwasa mana ƙofa.

An ƙara kason da ake warewa na rancen gaggawa daga asusun ƙungiya, kuma za a fara da waɗanda manhajoji suka sa gaba da manoman citta da ba su farfaɗo ba. Zama na gaba a Zonkwa za a yi shi, Asabar ta farko ta watan gobe, da ƙarfe goma na safe. Duk wanda ya riga ya miƙa takardar gidansa ga wani, ko ya sa hannu a abin da bai karanta ba, kada ya jira wannan rana. Ya nemi sakatare cikin makon nan da duk takardar da ke hannunsa, har da rasit da saƙonnin waya.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare
A madadin dukkan mambobi, Kafanchan, Ƙaramar Hukumar Jama'a, Jihar Kaduna